Izinin Mai Bayani

"Ba zan iya kwafa miki ba, Mama," in ji ma'aikacin laburare. "Kamfanin da ya buga littafin ya hana."

Tsohuwar ungozoma ta gyara zama. "Ɗan nan, duk abin da ke ciki daga bakina ya fito. Shekara biyu ina faɗa, 'yata tana rubutawa. Shafi goma kawai nake so, in kai wa matan da nake koya wa karɓar haihuwa."

"To ai da sauƙi. Tunda bayaninki ne, dole kin sa hannu a yarjejeniya. Da ita za mu nemi izini."

"Ban sa hannu a komai ba. 'Yar tawa ta ce ba a buƙata."

Ya buɗe shafukan farko yana dubawa. Sai ya kasa ɗago kai.

"Karanta mini," ta ce.

Ya karanta a hankali: "Ba a nemi izinin mai bayanin ba, domin ta rasu. Na sadaukar da wannan aiki ga marigayiya mahaifiyata."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon littafin.

"Ko da safen nan sai da ta gaishe ni," ta ce.