Mai Aski da Asusun Marigayi

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifin Mai Aski, amma a wurin banki tsohon yana nan da ransa, har ma ajiya yake yi duk ƙarshen mako.

Lokacin da Mai Aski ya fara sana'a ba shi da katin shaida, sai ya riƙa zuba abin da ya samu a asusun babansa. Ranar da tsohon ya rasu, duk abin da ke ciki na ɗan ne, babu ko sisin uban. Katin banki da lambar sirri suna hannun ɗan, sai ya ci gaba abinsa. A ganinsa, me zai kai shi bin layi a kan abin da ke aiki lafiya?

Buri ɗaya gare shi, ya mallaki shagon da yake haya. Ɗan ɗaki ne mai kujera biyu da madubin da ya tsage a gefe, amma a nan yake ciyar da mata da 'ya'ya huɗu. Mai gini ya ce zai sayar, ya kuma yi alkawarin jiran sa wata huɗu. Kuɗin ya kusa cika.

Ana cikin haka hukumar da ke sa ido kan bankuna ta fito da sabuwar doka. Kowane mai asusu ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa cikin wata uku. Mai amfani da asusun wani ya je ya bayyana, ya kawo shaida, a mayar da kuɗin sunansa. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, a rufe asusun.

Nan fa 'yan siyasa suka samu abin yi. Masu mulki suka ce maganin ɓarayi ne, 'yan adawa suka ce tarkon haraji ne. Rediyon shago ba ya hutawa, bakin masu jiran aski ma haka. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Ciyaman, wani ɗan adawa da bai taɓa cin zaɓe ba, amma kan dokar ƙasa sai ka rantse shi ya rubuta ta.

"Kada ka kuskura ka je," in ji shi, kumfar aski har kunne. "So suke su san abin da talaka ya tara. Mun kai su kotu. Kafin wa'adi ya cika dokar nan ta mutu."

Mai Aski ya ji daɗin maganar, don ta yi daidai da kasalarsa. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana aski yana murɗa rediyo, daga wannan tasha zuwa waccan, ko zai ji an janye. Sau biyu yana zuwa har ƙofar banki, ya hango layi, ya tuna Ciyaman, ya juyo. Rannan saura kaɗan ya ɗebe wa wani malamin makaranta gira.

Matarsa, wadda ta je ta yi nata tun tuni, ta dame shi.

"Baban yara, rabin yini fa ne kawai. Ka je ka gaya musu gaskiya."

"Ke ba ki san siyasa ba."

"Ban sani ba. Amma na san kuɗin naka ne, sunan ba naka ba."

Ya yi tsaki ya fita, ko karyawa bai yi ba.

Wa'adi ya cika, doka ba ta mutu ba. Washegari ya sa kati a na'urar cire kuɗi da ke kusa da shago, ta tofo masa shi. Ya goge a riga ya sake sawa, ta sake tofowa. Bai ko rufe shago ba ya nufi banki, gumi na keto masa.

"Malam, sai mai asusun ya zo da kansa," in ji ma'aikaciyar.

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Yaushe?"

"Shekara shida."

Ta ɗago ta dube shi da tausayi. "Da ka zo a makon jiya, da takarda biyu za ka cike. Yanzu kam abin da ke ciki dukiyar mamaci ce. Sai da takardar kotu da sa hannun duk magada."

Su tara ne a wurin babansu. Da ya tara su ya yi bayani, babban wansu ya ce, "Ashe Baba ya bar dukiya, shekara shida kana ci kai kaɗai?"

"Yaya, wallahi gumina ne."

"To, ina shaida?"

Babu. Duk takardar da ya ciro, sunan tsohon ne a kai. Aka raba kuɗin tsakanin magada, abin da ya zo hannunsa ko kujerun shagon bai isa ya saya ba. Mai gini ya sayar wa wani. Abin da ya fi ƙona masa rai, ƙannensa da ya yi wa hidima sun daina gaishe shi, suna ganin ɓarawon gado ne.

Ranar da yake kwance madubi daga bango sai ga Ciyaman zai wuce. Mai Aski ya tare shi.

"Kai naka asusun fa? Sun rufe?"

Ciyaman ya sosa ƙeya. "Ni ai tun makon farko na je na yi. Ka san maganar siyasa ce, ba a haɗa ta da aljihu."

Jama'a, idan sabuwar doka ta shafi kuɗinku, ku je inda abin yake ku tambaya, ku gyara takardunku da sunanku kafin wa'adi. Mai zuga ku kada ku je, ba shi zai yi asarar ba.