Bom Huɗu a Ƙarƙashin Fiffike

Kafinta yana hura farfelar ɗan jirgin yaƙin da ya sassaƙa, sai ya ji faɗuwar kwano a bayansa. Mahaifiyarsa ce, ta manne da bango.

"Inna, katako ne fa!"

Ba ta ɗauke ido daga jirgin ba. "Bom nawa ka liƙa a ƙarƙashin fiffike?"

"Huɗu. Haka na gani a hoto."

"Shida yake zuwa da su."

Ya ajiye jirgin. Shekara arba'in, ba ta taɓa gaya masa yadda babansa ya rasu ba.

"Ina goye da kai na ƙirga," ta ce. "Sai da ya wuce ta kan gonarmu suka koma huɗu."