Tsamiyar Bakin Rafi

Mutanen Gangare manoma ne, ba su rasa komai ba sai ruwan sha. Tun da zafi ya ƙaru, doka ta hana ɗiban ruwan rafi sai tsutsotsin ƙarƙashin duwatsunsa sun kai tsawon ƙwayar shinkafa, alamar ruwan ya shawu.

Ranar awo, Malama Kubura da ɗalibarta Ladidi suka bi rafin suna ɗaga duwatsu. Ruwan da ɗumi, tsutsotsin duk ƙanana.

"Malama, zo ki gani! Na gindin tsamiyarmu sun yi ƙiba!"

"Tsoma hannunki, 'yata. Me kika ji?"

"Sanyi. Ga su nan suna cin ruɓaɓɓen ganye."

Ladidi ta ɗaga kai, ta ga inuwar da ke sanyaya ruwan, ta kuma ga saran gatarin babanta na jiya a jikin tsamiyar. Ta gane idan itacen nan ya faɗi, Gangare ba za ta sha ruwa ba.