Suna Daga Tasawa

Ƙadri ya sauko daga bayan kamyon gyaɗa a tashar Tasawa da hantsi, gwiwoyinsa na ƙara, ɓawon gyaɗa maƙale a gemunsa. Tun asuba ko ruwa bai sa a baki ba. A ƙauyensu Kona ya bar jama'a sun fara taruwa a ƙofar gidansa, ya roƙi liman ya yi masa haƙuri zuwa la'asar. Abu ɗaya ya kawo shi birni: suna yake nema wa ɗiyarsa, irin na manya, wanda in an faɗa sai mutum ya gyara zama.

Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, gyaɗa na da daraja, kowa a Tasawa sauri yake yi kamar an biyo shi. Ƙadri ya fara shiga kanti, ya sa aka yankar masa farin yadi, ya sayi turare. Mai kantin ya tambaye shi ko an sami rago. Ya ce ba a samu ba, kuma ba za a nema ba.

Daga nan ya nufi wurin awon gyaɗa, domin an ce masa komin wurin, wato magatakardan awon, wani mai suna Gazali, ya yi lakkwal, karatun boko, har Yamai, ba sunan da bai ji ba. Gazali ya saurare shi alƙalami a bayan kunne, ya dubi furfurarsa, ya yi dariya.

"A shekarunka, Baba? To, barka. Bon, sa mata Jakilin ko Monik. Ɗiyan manya duk haka suke yanzu."

Ƙadri ya gwada sau uku, harshensa ya ƙi. Sunan da uba ba ya iya faɗi, wa zai kira ta da shi? Ya yi godiya ya juya, gajiya ta ƙara hawa kansa.

Rana ta take tsaka kafin ya gano rumfar wata Hajara da aka kwatanta masa a bayan kasuwa. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, amma shekara talatin ta yi tana raino a gidan sarauta, ta goya 'ya'yan manya har bayanta ya ranƙwafa. Ta ba shi tabarma, ta tambaye shi ɗiya nawa Allah ya ba shi. Ya ce shida ya binne da hannunsa, babu wanda ya kai yaye, kuma kowanne sunansa mai daɗi ne.

Hajara ta aje ludayinta.

"Wabi ke nan, Malam. Ai ka san mutuwa kwaɗayin suna mai daɗi gare ta. Ka kira ta Ajuji ko Ayashe, mutuwa ta raina ta, ta wuce."

"Na san dabarar, Inna, na hi ki saninta. Yau dai ba ni da bukatarta."

Ta dube shi ta daɗe, ta ga idonsa a bushe, ba taurin kai a ciki, gajiya ce kawai. Sai ta fara jero masa su a hankali, Saudatu, Zubaida, Mairama, tana faɗin gidan da kowace ta fito da irin zanen da take ɗaurawa. Da ta zo kan Balkisa, ta ce wannan sarauniya ce, ko sarakuna sai sun aika mata takarda kafin su gan ta.

Ƙadri ya maimaita, sunan ya zauna masa a baki daram. Ranar haihuwar ya yi wa uwar ɗiyar alkawari cewa duk ranar da tsoro ya ƙare, sunan sarauniya zai sa mata. Uwar ba ta ga ranar ba. Shi kuwa alkawari kaya ne, ya daɗe yana danne masa wuya.

A hanyar komawa ya zauna kan buhunan wofi yana nanata sunan, kada ramukan hanya su zubar masa da shi. Ya iso Kona ana kiran la'asar. Jama'a na zaune a kan tabarmi shiru, ba maroƙi, ba guɗa. Ya miƙa wa mata yadin da turaren, ya jingina da danga yana jira.

Da aka fito da ita, liman ya gyara tsayuwa, Ƙadri ya ɗaga masa hannu ya ɗan dakata. Sannan ya durƙusa gaban makara, ya kai bakinsa daidai kunnen ɗiyarsa Ajuji, wadda ya ɓoye wa mutuwa shekara arba'in da ɗaya har ta ga jikokinta, ya raɗa mata: "Balkisa."