Numfashin da ke Cikin Goge

Yaya ta danna maɓallin aikawa, ta jingina da kujera, ta ce, "Wash!" Shayin da ƙanwarta Auta ta ajiye mata a gefen hagu tun da safe ya huce, har ya yi yana a sama.

Sabon kiɗan ya shiga zauren intanet na masu haɗa kiɗa da kwamfuta. A ƙarƙashinsa ta rubuta abin da ta saba rubutawa: don Allah a saurara, a faɗa mata gaskiya, yana da rai ko babu?

Wanda ya ji kiɗan zai rantse tawaga ce guda, masu goge da masu sarewa da masu begila da ganguna. Ina! Babu makaɗi ko ɗaya a ɗakin, sai fanka mai ƙara da labulen da rana ta cinye. Kamfani ne ke tara makaɗa a situdiyo, a sa kowa ya kaɗa sauti ɗaya-ɗaya, dogo da gajere, a hankali da ƙarfi, a naɗa, a zuba a rumbun sautuka, a sayar. Mai haɗawa sai ya ɗebo ya jera. Yaya ta yi watanni tana wannan tsince-tsincen, tana jan linzamin kwamfuta da hagu har kafaɗarta ta riƙe.

Zuciyar kiɗan shi ne babban goge, wanda ake tsayarwa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi. Daga wani tsohon rumbu ta ɗebo shi, rumbun da 'yan zaure suka daɗe da yi wa ritaya. Yana da aibin da kowa ya sani: kafin sauti mafi kauri, ana jin mai kaɗawar ta ja numfashi. Kowa yanke shi yake yi. Yaya ba ta taɓa yankewa ba.

Auta ta shigo da kwalaye a naɗe, ta kusa tuntuɓe da dogon baƙin akwatin da ke bayan ƙofa, wanda ya koma maratayin gyale.

"Yaya, kin dai tuna alkawarinki?"

"Na tuna, sarkin naci."

Alkawarin kuwa mai nauyi ne. Auta ta gaji da zirga-zirga tsakanin gidanta da nan, ta ɗaura mata ɗankwali, ta buɗe mata kwalbar magani, ta koma ta tarar da yara sun juya gida. Ta gyara mata ɗaki a can, amma ɗakin ba zai ɗauki tebur da sifikoki ba, balle jariri na barci a maƙwabcinsa. Yaya ta ce a bar ta ta gwada sau ɗaya tak. Idan mutum ɗaya ya ce kiɗan nan yana da rai, za ta zauna. Idan babu, a kwashe.

Sharhi ya fara shigowa bayan azahar. Na farko ya ce yana da daɗi, ya liƙa nasa kiɗan a ƙasa, a saurara masa. Ko ƙarshe bai kai ba, ɗan neman suna! Na biyu ya ce ganguna sun yi ƙarfi. Na uku ya tambayi irin kwamfutar da take amfani da ita.

Yaya ta rage ganguna, ta sake aikawa. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Auta na ninke kaya a hankali, tana satar kallonta, tana jin kamar ita ce mai laifi.

Can sai ga Farfesa. Haka ake kiransa a zaure, don shi in ya saurara, yakan saurara har ƙarshe, kuma ba ya yi wa kowa kara. Yaya ta gyara tabarau.

Ya ce rubutun kiɗan ya kai shi inda bai zata ba, musamman wurin da sarewa ke yin shiru a bar goge shi kaɗai. Amma rai? A'a. Sautukan da aka naɗa ɗaya-ɗaya ba su san juna ba, ko an jera su shekara goma. Wannan numfashin ma, in ji shi, shi kaɗai ne mai rai a ciki, kuma shi ne ke tona asirin sauran. Ya rufe da shawara: ta daina wahalar da kanta da rumbu, ta nemi mai kaɗawa ta gaske. Da ma za ta samu matar da aka naɗa a rumbun nan, wadda aka ce a zamaninta ba ta da na biyu, da a zama ɗaya za ta tashi kiɗan nan ya yi tafiya da ƙafarsa.

Yaya ta karanta sau biyu. Ba ta ji haushi ba, gaskiya ta roƙa, gaskiya aka ba ta. Ta rubuta masa godiya da yatsa ɗaya, ta kashe sifikoki.

"Me ya ce?" Auta ta tambaya.

"Ya ce in nemo ta. Buɗe kwalayenki."

Auta ta juya baya tana share ido da bakin gyale. Yaya ta miƙe, ta je bayan ƙofa, ta sauke gyalen da ke kan baƙin akwatin, ta ce wannan kam ko a ƙarƙashin gado sai an sama masa wuri.

Sannan ta sa hagu ta ɗago hannunta na dama, ta ɗora shi a kan akwatin gogenta. Ai ita ma matar take nema a cikin rumbun nan tun ranar da hannun ya shanye, don numfashin nata ne, kuma wannan hannun ne ya ja izgar a kan gogen ranar da aka naɗa.