Majanyin da Ke Nuna Goma

Tun da aka fara saƙa majanyi mai awo, mata suka daina duban fuskar jariri. Bayan uwa suke leƙawa, su karanta lambar da ke haskawa a jikin ƙyallen. Na Murjanatu goma yake nunawa, shi ya sa take lulluɓe goyonta, Nafi'u, da gyale ko ana zafi kamar me.

Ranar Talata surukarta, Iya Kande, ta raka ta asibiti awo.

"Ba makin jarrabawa ba ne," in ji ma'aikaciyar asibitin. "In aka jera sa'anninsa ɗari, ya fi goma daga cikinsu nauyi. Tun haihuwa a nan yake, wata shida bai zame ba. Lafiyarsa ƙalau."

Murjanatu ta sauke ajiyar zuciya. Iya Kande kuwa ta ɓata rai.

"To su goman da ya fi fa, 'ya'yan waye?"

"Iya, misali ne kawai."

"Misali ko ba misali ba, suna da uwaye, 'yar nan. Suna can suna dafa yara cikin gyale."

A hanyar gida Murjanatu ta yaye lulluɓin, iska ta bugi Nafi'u ya ɓangale baki. Wata mai goyo a bakin famfo ta ƙura wa lambar ido, can ta janye nata gyalen a hankali. Nata majanyin bakwai yake nunawa.

Iya Kande ko kallon lambar ba ta yi ba. Ta zagaya ta leƙa fuskar jaririyar da ke bayan matar.

"Tubarkalla! Wa ya ba ki idanun nan?"