Wuyan Sa da Karkiyar Rana Ɗaya

Gyara kwanciya ka saurare ni, Tasi'u, kada ka ce mini uffan. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye maka ba. Jiya matarka ta shigo mini da kuka, wai an kwaso ka daga bakin titi ranga-ranga. Ni gwaggonka na ce, mota ce ta buge shi? Aka ce a'a, gudu yake yi. Wa ya biyo shi? Babu kowa. Wai likita ya ce jininka ya hau, ga sabuwar shekara ta kama, shi ne kana gama cika-ciki ka rantse ka bar tuwo, ka bar nama, ka bar shayi, kullum sai gudu da sassafe ba ka karya ba. Kai da ka yi shekara da shekaru a kan keken ɗinki, ko masallacin unguwa sai a babur! To, buɗe kunnenka.

An yi wani manomi mai shanun huɗa guda biyu, da su yake ci da gidansa. Tun da aka kai amfanin gona rumbu ya ɗaure su a turke, yana zuba musu harawa da dusa, rani guda bai ƙara ɗora musu karkiya ba. Suka yi ƙiba, suka yi sheƙi, kantar da aikin bara ya yi musu a wuya ta baje, fatar ta koma laushi kamar ta maraƙi. Maƙwabcinsa kuwa tun da bazara ta kama yake fitar da nasa da yamma, ya ɗaura musu ɗan kututture su ja zuwa bakin fadama su dawo. Mutumin naka yana zaune a inuwa yana yi masa dariya, wai ga mai huɗar busasshiyar ƙasa. Ranar da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙu, sai hankalinsa ya tashi. Ya bugi ƙirji a gaban jama'a, ya ce kafin rana ta faɗi zai huɗe gonarsa kaf, kowa ya zo ya gani. Ya riga kowa fita gona da shanun, ko ruwa bai ba su ba. Da rana ta ɗaga maƙwabcin ya kwance nasa ya kai su inuwa, bai yi ko rabin rabin gonarsa ba, bai kuma damu ba. Shi kuwa gogan sai ƙara bulala yake yi. Shanu suna haki, kumfa na zuba daga bakinsu, yana cewa ai sun ci sun ƙoshi, yau ranar biya ce. Kafin azahar karkiya ta saɓule wa ɗayan fatar wuya, jini yana bin ƙafarsa ta gaba. Ya gani da idonsa, wallahi ya gani, amma ya tuna ya yi rantsuwa a gaban mutane. Da la'asar san ya durƙusa a tsakiyar gona. Ya dake shi, ya murɗe masa wutsiya, ya zage shi tas, sa bai tashi ba. A amalanke aka kai shi gida.

Sa ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai, kuma a farkon damina ba mai ba ka aron nasa. Ciwon ya zama gyambo, ƙuda suka samu wurin zama. Ruwa yana ta sauka, mutane suka gama huɗa suka yi shuka, maƙwabcin nan da ake yi wa dariya yana yin kaɗan kullum har ya kai ƙarshen gonarsa, shi kuwa yana tsugune a turke yana wanke wuyan sa da ruwan kanwa. Da wuyan ya warke, geron mutane ya kai gwiwa. Ya yi shukarsa a makare, ruwa ya ɗauke gero bai gama fitar da kai ba. A shekarar nan matarsa surfe ta riƙa yi a gidajen mutane kafin a ɗora tukunya. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ya zo yi masa jaje sai manomin ya ce masa, "Ai rago ne, cin banza ya yi mini rani guda." Ka ji marar kunya! Shi ya ɗaure dabba, shi ya cusa mata abinci, shi ya nemi aikin wata guda a wuni ɗaya, kuma laifin na sa ne.

Haka na ji kai ma kana cewa jikinka ya ci amanarka. Ƙarya kake yi, kai ka ci tasa. Jikin nan shi ke ja wa 'ya'yanka garma, kuma kai ba ka da na biyu a turke. In ka tashi, ka sha maganin da likita ya ba ka, ka rage gishiri, ka taka da ƙafa zuwa masallaci ka dawo. Ka ci tuwonka, ka dai rage malmala. In wata ya mutu ka ga jiki ya karɓa, ka ƙara kaɗan, ba tare da ka tara jama'a ka yi rantsuwa ba. Ba tsere ake yi da shekarar ba.

Manomin nan shi ya riga kowa fita gona, kuma shi ne na ƙarshe da ya zuba iri a duk garin. Hausawa sun gama magana da suka ce sauri ya haifi nawa.